Sunana a Bakin 'Yan Koral

A lise, wato makarantar sakandare ta mishan a Tasawa, Laraba da yamma ba a lissafi, ba a Faransanci. Ranar opsiyon ce, wato darasin da kowa ke zaɓa da kansa. Akwai ɗinki, akwai lambu, akwai ordinater, wato kwamfuta, guda biyu da ake dambe a kansu kamar rijiyar rani, sai kuma koral, masu waƙoƙin coci. Mu Musulmi mun fi yawa a makarantar, kuma ba mai tilasta mana shiga koral. Ni Fatiha ɗinki na zaɓa, ko in ce Gwaggo Rakiya da nake zaune wurinta ta zaɓa mini, don tana da keken ɗinki yana tsatsa a ɗaka.

Ban iya ba, ban kuma so ba. Madam Ladi mai koya mana ta ce layin ɗinkina ya fi hanyar Korgom karkata, ita da ba ta taɓa zuwa garinmu ba.

Bango ɗaya ne tsakaninmu da 'yan koral. Kullum da Hausa ko Faransanci suke yi, muna ɗinki muna kwaikwayonsu. Ran nan sai suka ɗauko wata waƙa cikin yaren da ban gane ba. Ina cikin zura zare, na ji sun ja murya gaba ɗaya sun ce, "Tanimmert."

Allura ta shige mini yatsa ban ji ba. Sunana ne. Ba wanda ya san shi a duniya sai Innata, kuma tun ina 'yar shekara biyar aka binne ta.

Inna Buzuwa ce. Danginta sun koma arewa da dabbobinsu, ba mu ƙara jin ɗuriyarsu ba. Fuskarta ta ɓace mini, hoto kuma babu. Abin da ya rage mini kaɗan ne: tana kwance a tabarma cikin doguwar jinya, ni ina kai mata ruwa a moɗa, rabi a ƙasa rabi a rigata, ita kuma ta ce, "Tanimmert." Kowa na kirana Fatiha, ita kaɗai ke kirana haka. Na ɓoye sunan ban taɓa faɗa wa kowa ba, don na san bakin ƙawayena. Amma kewarta ba ta taɓa barina ba, ranar nan kuwa sai ta dawo sabuwa.

Tun daga lokacin na maida kujerata jikin bango. Rannan a yi waƙar, rannan a ƙi. In aka ƙi, haushin kowa nake ji har Madam Ladi da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Ni dai so nake in koma koral, in zauna cikin ɗakin da ake kiran sunana.

Ranar kasuwa Baba ya zo daga Korgom a kan moto da buhun wake. Na bari ya ci tuwo ya sha ruwa, sannan na durƙusa.

"Baba, so nike a canza mini opsiyon. Koral nike so."

"Koral mi ne ne kuma?"

Gwaggo ta riga ni. "Waƙar coci, Yaya. Ɗiyarka za ta zama zabiyar fasto."

Baba bai yi faɗa ba, shi ba mai faɗa ba ne. "Fatiha, na kawo ki lakwal ɗin ga don ki ci bak, jarrabawar gama sakandare. Mutanen kirki ne, ban da abin cewa. Amma addininsu nasu, namu namu. Ki riƙe ɗinkinki."

"Da yaren Inna suke yi, Baba."

Ya daɗe yana kallon kwanon da ke gabansa. "Ni ban iya shi ba," ya ce. "Da Hausa munka yi zamanmu. Allah shi jiƙanta." Ya tashi ya tafi duba tayar moto da ba abin da ya same ta. Na gane maganar ta ƙare.

Laraba ta zagayo. Da aka tashi, na tsaya bakin ƙofar koral har ɗaliban suka watse. Mushe Danda, dattijon da ke koyar da su, yana naɗe wayar piyano.

"Mushe, gafara."

"Ke ba 'yar ɗinki ba ce? Ke ce mai zama jikin bango. Muna jin tarinki."

Kunya ta kama ni, amma na riga na zo. "An hana ni shigowa. Abu guda nika son sani. Wace ce Tanimmert ɗin da kuke ma waƙa?"

"Wace ce?" Ya yi murmushi. "Ɗiyata, ba mutum ba ce. Na yi aiki Agadas, can na koyo waƙar. Da Tamajak, yaren Buzaye, in mutum ya ce tanimmert, na gode ya ce. Godiya muke ma Ubangiji."

"Ba suna ba ne?"

"Ni dai ban taɓa jin mai shi ba."

Sai na zauna a benci. Ashe ba ni da wani suna. Ashe mace ce kwance, ciwo na cin ta, tana gode wa 'yar mitsitsiyar yarinya a kan ruwan da rabinsa ya zube. Na faɗa wa Mushe Danda duka, abin da ko Baba ban faɗa wa ba, hawaye na zuba a kan yunifom ɗina.

Ya ajiye wayar ya zauna nesa kaɗan da ni. Bai yi mini wa'azi ba, bai ce in yi haƙuri ba.

"To in ta ce miki haka, ke mi kike cewa?"

Na share hanci da bakin hijabi.

"Na'am nike cewa," na ce. "Kullum. Ita ko ba ta taɓa gyara mini ba."