Bangon Katakon da Ke Tsakaninsu da Aruna

Kafin Surajo ya kai hannu, Abdul-Ganiyu ya riga ya zare memorin daga 'yar rediyon, ya ɓalle shi gida biyu.

"Khalas, shi ke nan," in ji shi. "Mun rage masa nauyin kabari."

"Wa ya aike ka?"

"Haka ake yi, Malam Surajo. Mutum in ya rasu a share kiɗan da ya bari, kada duk wanda ya saurara a riƙa rubuta masa zunubi."

"Ka tambayi matarsa? Ka tambaye ni? Da yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage, sau nawa ka leƙo? Sai yanzu ka zama mai tausayin Aruna!"

Abdul-Ganiyu, wanda shi ke jan su salla a masaukin ma'aikata, ya jefa guntayen a kwandon shara ya fita yana salati. Kwana uku ke nan da binne Aruna, ana haɗa kayansa a kwali za a aika wa iyalinsa Kumasi.

Abin dariyar shi ne, duk unguwar ma'aikata ta Sana'iyya babu wanda ya tsani waƙar da ke cikin memorin nan kamar Surajo. Shekara huɗu ɗakinsa na manne da na Aruna, katako ne kawai tsakani, ko atishawa aka yi sai an ce "yarhamukallah" daga ɗaya gefen. Aruna mai aikin lantarki ne. Wani Baturen injiniya ya zuba masa waƙar sa'ad da suke aikin filin wasa na Thumama. Ta wasu makaɗan Ingila ce masu jita da ganguna, kuma a cewar Aruna sun yi tashe suna samari, wannan kuwa sai da furfura ta fito suka sake ta, ba wanda ya kula. Ya faɗi sunansu ya fi sau ɗari, Surajo bai taɓa bari ya zauna a kunnensa ba.

Da korona ta zo aka kulle unguwar, ba shiga ba fita, sai waƙar ta zama abincin safe da na rana. Surajo ya bugi bango, Aruna ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Maƙwabci, kana nan?" Cutar ta kama Aruna, ya tashi, amma ta bar masa ƙirji kamar tsohon zugazugi. Daga nan ya rage kunna ta sai ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin da yake kiran matarsa. Kowace Juma'a kuma Surajo sai ya bugi bangon, ko da ba ta dame shi ba.

Juma'ar ƙarshe, saura kwana biyu a buɗe gasar cin kofin duniya, waƙar ta ƙare ta sake farawa, ta ƙare ta sake farawa. Surajo direban bas ne, yana shirin fita aiki, kansa na ciwo. Ya dunƙule hannu ya yi ta dukan katakon. Ba dariya, ba "maƙwabci". Ya ce, "To ka mutu da ita!" ya ɗauki jakarsa ya tafi. Da abokan ɗakin Aruna suka dawo da la'asar, suka same shi a ƙasa gefen gado, wayarsa a hannu, bai kai ga kiran matarsa ba, waƙar na nan tana juyawa.

Wannan ba wanda Surajo ya gaya wa. Shi ya sa kowa ya haɗu da shi a makon nan sai ya sha masifa.

Washegarin karya memorin Adijatu, matar Aruna, ta kira shi. Ya yi mata gaisuwa, ta amsa, muryarta ta dushe.

"Yaya Surajo, kayan ba su dame ni ba. Rediyon nan nake so, da waƙarshi. Ban san sunanta ba, shi ke kunna mini."

Ya ce mata insha Allahu. Da ya kashe wayar ya zagi Abdul-Ganiyu, ya zagi Baturen injiniya, ya zagi makaɗan da suka rasa abin yi da tsufansu. Sai ya lura bakinsa na rera abin. Ashe duk ya haddace, daga ƙarar jitar farko har inda mawaƙin ke jan murya kamar mai kiran awaki. Kalmomin ne kawai bai sani ba.

Gari ya cika da baƙi. Duk wanda ya shigo basinsa da rigar Ingila, Surajo sai ya tare shi da ɗan Turancinsa, ya rera masa. Wasu su yi dariya, wasu su ɗauke shi bidiyo, wasu su ɓarke da tasu waƙar ta ƙwallo. Ransa ya ƙara ɓaci. Ku kuka haifi abu, ku kuka yar da shi, sai wani bawan Allah daga Zongon Kumasi ya tsince shi ya riƙe, yanzu kuna yi wa mutum kallon mahaukaci!

A rana ta shida, kusa da tashar Mushairib, wani tsoho mai sanƙo da jar fuska ya tsaya a ƙofar bas, ya ce ya sake. Surajo ya sake. Tsohon ya kama daga tsakiya suka ƙarasa tare. Ya ce rabonsa da jin ta ya fi shekara ashirin, ko gidan rediyo ba su fi mako biyu suna sa ta ba. Ya karɓi wayar Surajo ya nemo masa ita, direbobin baya na ta danna ham.

Ranar Juma'a bayan an sauko ya kira Adijatu da wayar wani, ya kunna tasa kusa da ita. Ta saurara har ƙarshe.

"Ita ce," ta ce. "Amma ba bugun."

"Wane bugu?"

"Naka mana. In ka buga sai ya ce mini, 'Kin ji? Ina da mutum. Ko faɗuwa na yi ba zan daɗe a ƙasa ba.' Tun ciwon nan, in na ji bugun sai hankalina ya kwanta. Wallahi bugun nake jira, ba Turancinsu ba."

Surajo ya so ya yi shiru, amma fushin da ya yi mako biyu yana rabawa mutane ya juyo kan mai shi.

"Ranar na buga," ya ce. "Na buga, bai amsa ba. Taku uku ne zuwa ƙofarsa, ban shiga ba. Na tafi abina."

Ya duba ko layin ya yanke. Yana jin kukan akuya daga can Kumasi, da wata mata na tallar koko.

"Ya ji ka?" ta tambaya.

"Ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba." Ta ja numfashi. "Yau ba zan iya ce maka komai ba, Yaya Surajo. Sake kunnawa."

Ya tashi ya zagaya ɗakin Aruna. An naɗe katifar, kwalin na bakin ƙofa da sunan Adijatu a jiki. Bai taɓa ganin bangon daga wannan gefen ba. Daidai saitin matashin kai katakon ya kumburo saboda yawan bugun, fentin ya tsattsage, kuma Aruna ya zagaye wurin da biro.

Ya ajiye wayoyin biyu a kan ƙarfen gadon, ya danna. Jitar ta fara. Ya koma nasa ɗakin ya zauna, ya jira inda mawaƙin ke jan murya, sannan ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa sau uku, a hankali.