Ƙafata a Kan Totur

Wani mafarki ne ya ɗauke ni jiya da dare, ya ajiye ni cikin tsohuwar motar Baba. Shi kuma yana zaune a gefena, hularsa a kan gwiwa, kamar ba shi muka binne bara ba. Ban yi mamaki ba. Abu ɗaya na sani: muddin injin na aiki Baba yana nan, in motar ta mutu zai tafi.

Motar kuwa ba ta riƙe silo, ba ta zama a kunne sai an ba ta wuta. Da na sassauta ƙafa sai ta hau karkarwa tana tari, don haka na danne totur na ƙi ɗagawa. A waje ruwa na tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, mutane suna tafe a kan lemarsu.

Sai ga mu a gareji. Shugabar wurin wata jar akuya ce mai tabarau. Ta sunsuna salansa, ta yi atishawar baƙin hayaƙi, ta zare filogi ɗaya ta lasa.

"Baƙi ƙirin," ta ce. "Mai ya yi mata yawa, iska ta yi kaɗan. Shaƙe ta kake yi."

"Don kada ta mutu ne, ranki ya daɗe."

"Kowa haka yake cewa."

Ta kafa ƙahonta a kan sukurun kafireta, ta ce ita ba ta saita mota ana danne da totur, dole sai na ɗaga ƙafa ta ji ainihin muryar motar. Tsoro ya kama ni, na ƙara dannawa.

Baba ya yi dariya. "Ƙasimu, haka ka yi ta ɗura mini kunu a asibiti. Ɗaga ƙafar nan, bar ta ta yi numfashinta."

Na ɗaga. Motar ta girgiza, ta yi kamar za ta ɗauke. Akuya ta riƙa juya ƙaho kaɗan-kaɗan, kunnenta a jikin inji, har ƙarar ta kwanta ta koma kamar munsharin jariri. A shirun nan ne na gane ashe tun ɗazu Baba magana yake yi mini, rurin injin ne ya hana ni ji.

Ya dafa kafaɗata. "Yauwa. To, yanzu saurara."

Na matsa kusa da shi, ya buɗe baki.

Nan injin markaɗen maƙwabtanmu ya tashi da ƙara, na farka.