Janyewa Uku da A Ɗaya

Fom ɗin makarantar likitanci shafi tara ne, na cike takwas a zama ɗaya. A na taran na tsaya. Wani ɗan akwati ne aka zana a ƙasa, bai kai tafin hannuna ba, aka ce duk kwas ɗin da ɗalibi ya taɓa janyewa daga gare shi ya bayyana dalili a ciki. Ni kuwa takardar sakamakona tana ɗauke da harafin W har guda uku a jere, a zango na biyu na shekarata ta biyu, alamar na janye ke nan. A ƙarƙashinsu akwai A ɗaya tak, ta kemistiri.

Kwana huɗu fom ɗin yana kan teburin ɗinkin Inna, ina kallonsa yana kallona. Tun ina 'yar shekara shida ake kirana Likita a gidanmu, don na taɓa ɗaure wa kazar maƙwabta ƙafa da tsumma, alhali ƙafar lafiyarta lau. Yayana ne ya laƙa mini sunan. Yanzu ga likitancin ya zo bakin ƙofa, abin da ya tare ni kuma shi ne Yayan.

Baba ya yi shekara talatin yana ajiye katunan marasa lafiya a asibiti, saboda haka babu abin da yake tsoro a duniya kamar fayil. Ya ɗauki fom ɗin ya nisanta shi da ido, ya karanta, ya ce in rubuta cewa ni ce na yi zazzaɓi mai tsanani. Na ce likitoci ne za su karanta, za su nemi takardar asibiti. Ya ce to in rubuta matsalar gida kawai. Na ce wace matsala? Sai ya ajiye takardar a hankali.

"Abin da ya shiga fayil ba ya fita, Likita. Mun rufa masa asiri yana raye. Kada ki tona shi yana kwance."

Na ji haushi, kuma har yau ina ji. Rufin asirin nan ni na san nauyinsa, don a wuyana aka rataya shi, da igiyar takalmi.

Yaya ƙwaya ta kama shi. Makaniki ne mai hannu, da jin ƙarar mota daga bakin titi zai faɗa maka abin da ke damunta, amma cikin shekara ɗaya ya koma ba ya iya riƙe sifana. Baba ya ƙi a kai shi asibiti, domin duk wanda zai buɗe masa kati abokin aikinsa ne. Aka kwashe buhunan da ke ɗakin ajiya na bayan gida, aka shimfiɗa katifa, aka sa kwaɗo ta waje. Maƙwabta aka ce musu ya sami aiki a nesa. Baba yana fita aiki, Inna hawan jini ba ya barinta ta ji ihunsa, sai makulli ya faɗo kaina. Na janye kwas uku na zauna a bakin ƙofar nan wata biyu da rabi. Na koyi yadda ake juya babban mutum a kwantar da shi ta gefe idan jijjiga ta kama shi, na koyi wanke amai ba tare da na nuna a fuska ba. In ya dawo hayyacinsa yakan yi murmushi ya ce, ashe dai kazar nan ba ta sha wahala a banza ba.

Kemistiri ne kaɗai na ƙi saki. A bakin ƙofar nake karanta shi, littafi a cinya, kunne a ɗaki. Ranar jarrabawa ta zo daidai da ranar da Inna take ganin likitanta. Na ce wa Baba zan haƙura. Ya ce in tafi, awa uku ce, me zai faru a awa uku, ga shi kwana shida bai yi jijjiga ba. Na ajiye masa ruwa, na kulle, na tafi da makullin a wuyana. Jarrabawar ta zo mini da sauƙi, har na fito ina jin daɗi. Da na buɗe ƙofar na same shi a rigingine, babu wanda ya juya shi, ya riga ya cika. Aka gaya wa mutane ya dawo daga wurin aiki da ciwo.

A ƙarshe layi ɗaya na rubuta a akwatin: na janye ne don jinyar ɗan'uwana. Baba ya karanta, ya mayar mini da fom ɗin. Ranar ganawa da masu tantancewa ya sa rigarsa ta zuwa ofis ya raka ni, ya zauna a benci a baranda.

Mutum uku ne a bayan tebur, fanka tana kaɗa takardunsu. Ta tsakiyar wata dattijuwar likita ce mai tabarau a kan hanci, ita ce ta ja takardar sakamakona gabanta. Ta ce suna ganin janyewa da yawa, kuma kowa da labarinsa, wasu labaran ma sun ji su sau ɗari. Na shirya amsa kan W ɗin nan tun mako biyu. Ba ta tambaye ni su ba. Ta ɗora bakin alƙalaminta a kan A ɗin.

"Wannan nake kallo," in ji ta. "Kina jinya, amma kin san lokacin da za ki tashi daga gefen majinyaci ki je ki yi abin da ke gabanki. Da yawa ba sa iyawa. Irinku muke nema."

Sauran biyun suka gyaɗa kai, ɗaya ya rubuta wani abu. Na so in ce mata wannan A ɗin ita ce mafi munin abin da ke takardar, in da hali a kankare ta a mayar da ita W ta huɗu.

"Ya sami sauƙi dai ko?" ta tambaya, har ta fara jawo fayil na gaba.

"Ya rasu."

Ta yi mini ta'aziyya da gaske, ba ta baka kawai ba. Ba ta tambayi yaushe ba, ni ma ban faɗa ba.

Baba ya miƙe da ya gan ni, yana gyara hula. Ya tambaya a hankali ko sun tono maganar. Na ce ba su tono ba, asirinmu yana nan. Ya sauke numfashi, har fuskarsa ta saki. Sai ya ce to me suka ce?

Da na so, da na yi shiru. Amma shekara biyu ina ɗauke da abin nan ni kaɗai, kuma shi ne ya ce in tafi.

"Sun ce kemistirin ne ya cece ni, Baba. Sun ce na kyauta da na je jarrabawar."

Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin. Sannan ya koma ya zauna a bencin, hannuwansa a kan gwiwa. Aka kira mai bi mini, ta wuce ta gabanmu ta shiga, mu kuma muna nan zaune.