Jakin Jiha, Gishirin Tarayya

Ɗan doka ya riƙe igiyar jaki, ɗan kwastan ya riƙe hannun rigar Gado, kowa na ja wajensa, shi kuwa jakin ko a jikinsa, tauna kawai yake yi. Ƙuli-ƙulin Kubra ne a bakinsa, na ƙarshe a faifan. Kubra na tsaye da hannu biyu a ka, tana kiran sunan Allah da na uwar jakin.

Gado mutumin wani ɗan ƙauye ne kudu da Tibiri a ƙasar Nijar, gab da iyakar Nijeriya. Daren jiya aka yi ruwan farko, ruwan shuka na sosai. Da asuba ya sari ƙasa sau uku, bakin sunguminsa ya tsage. Maƙerin da ya fi kusa yana wannan kasuwa ta ƙetaren iyaka, cikin Nijeriya, inda kakanninsa ke kai gyara tun kafin a san Bature, don haka ya ɗaura wa jaki kantun gishirin Foga na ladan maƙeri, ya yi sammako. Yana can yana kallon ana dukan ƙarfe jakin ya kwance, ya shiga cin kasuwa shi ma. Duk wanda ya san yashin Arewa ya san danshinsa kwana biyu ne, a kai na uku da ƙyar. Wanda bai shuka ba sai ya jira wani ruwan, kuma ba a san ranarsa ba.

Da wani ne, da tuni magana ta mutu. Amma Gado na da wata cuta da ta gagari matarsa Shatu da dukan dangi: ba ya iya barin gaskiya a ciki. Shi ne ya taɓa gaya wa surukarsa a gaban baƙi cewa tuwonta da tsakuwa. Ba mugunta ba ce, in magana ta taso masa sai ta fita, kamar atishawa.

Ɗan kwastan, wani dogon Bakano mai suna Ɗantala da aka kawo wata biyu da suka wuce, ya nuna kantun. "Wannan gishirin, a kasuwar nan ka saya ko?"

Kubra, duk da ɓarnar da aka yi mata, ta ƙyafta wa Gado ido don ya ce e.

"A'a, daga gida nit taho da shi. Can Nijar."

"To, ka biya ta ofishina ka nuna?"

"Ban san kana da ofis ba, ranka shi daɗe. Na dai ga wata rumfa, da mutum cikinta shina kwana da baki buɗe."

'Yan kallo suka kwashe da dariya, domin duk kasuwar mutum ɗaya ne ke da rumfa a bakin hanya. Ɗantala ya fizge kantun, ya matse shi a hammata, ya ce shaida ce.

Ɗan dokan kuwa, wani gajere mai tumbi da ake kira Mani, ya ce, "Jakin ga naka na?"

"Nawa na. Kuma ba yau yaf fara ba. Bara ma ya ci albasar wata mata nan wurin."

Daga nan rigima ta bar kan Gado ta koma tsakanin masu kaki. Ɗantala ya ce shigo da kaya daga wata ƙasa maganar gwamnatin tarayya ce, takarda za a rubuta ta je har Ikko, babban birnin ƙasa, mutumin kuma ya zauna a hannu sai amsa ta dawo. Mani ya ce ɓarnar kasuwa maganar En'e ce, wato hukumar sarki, da gwamnatin jiha, gaban alƙali za a kai shi, alƙali kuwa sai jibi yake zama. Ɗantala ya ce Ikko ce sama da kowa. Mani ya ce Ikko ta yi samanta can bakin teku, nan kasuwar sarki ce, ko ƙuda bai isa ya kama ba sai da izini.

Gado ya duba ƙasa. Saman yashin har ya fara fari. Shi dai shekara biyu ke nan da aka ce an sami 'yancin kai, ya san a ƙasarsu gwamnati ɗaya ce, tana Yamai. Bai taɓa jin inda gwamnati biyu ke zaune gida ɗaya suna faɗa kan mutum ba. Jibi da Ikko duk ɗaya ne gare shi, ko wanne ya ci, gonarsa ta bushe. Tsoro ya kama shi sosai, irin tsoron mai rumbu da ya ga ƙasansa tun bazara.

Ɗantala ya zura hannu cikin jakarsa ya fito da wani littafi mai kauri. "Ga tsarin mulki! A nan aka rubuta abin da ke na tarayya da abin da ke na jiha."

"To karanta muna," in ji Mani.

Ɗantala ya buɗe, ya juya shafi, ya yi gyaran murya, ya rufe. Da Turanci aka rubuta shi, kuma Turancin Ɗantala bai wuce na fareti ba. Aka nemi magatakardan gari, aka ce yana gona. Aka nemi malamin makaranta, shi ma yana gona. Duk mai hankali a ranar yana gona.

Kubra ce ta kawo shawara. Ta ce akwai Malam Istifanus, tsohon malamin majami'a, da ya yi karatu wajen Turawan mishan, yana can ƙauyen su Gado, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba. Ita dai a ba ta ɓarin gishiri ta haƙura. Ɗantala ya ce shaida ba ta ɓaruwa.

Haka suka kama hanya. Ɗantala na gaba da hannun rigar Gado, kantu a hammata. Mani na biye da igiya. Gado na tsakiya da sungumi a kafaɗa. Jakin ya matso bayan Ɗantala a hankali, ya miƙa wuya, ya shiga lasar gishirin ta baya.

"Ranka shi daɗe, jaki shina cin shaidarka," in ji Gado.

Ɗantala ya waiga ya daka tsalle. Ya ce Mani ne ya saki igiya da gangan don ya lalata wa tarayya shari'a. Mani ya ce jakin jiha ne, ba ya karɓar umarni daga Ikko. Suka yi ta yi har suka iso wata tsohuwar tsamiya. A da akwai dutsen iyaka a gindinta, amma tun zamanin Faransa wata mata ta ɗauke shi ta yi murhu da shi. Mani ba ɗan yankin ba ne, daga Argungu aka turo shi, Ɗantala kuwa ko gabas bai gama ganewa ba.

Gado ya ja ya tsaya. "Ku yi haƙuri, wagga tsamiya…"

"Ka ishe mu!" in ji Ɗantala. "Tun safe duk abin da ka faɗa ƙarin aiki ne."

"Ai so nike in gaya muku, in kun wuce ta…"

"In ka sake buɗe baki sai na ɗaure shi da igiyar ga," in ji Mani. Wannan ne karo na farko da suka yarda da juna a ranar. Gado ya bi su, maganar na cin sa har cikin ƙauyensu.

Sun tarar da Malam Istifanus a inuwar majami'a, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, yana tsintar irin wake. Ya saurari kowa, ya ɗaura tabaraunsa mai ƙafar zare, ya bi littafin da yatsa a hankali, leɓensa na motsi. Mutum ne da ba a yi masa gaggawa.

"To, ga abin da na gani," ya ce. "An jera abubuwan da ke hannun tarayya. Soja na ciki, jirgin ƙasa na ciki, gidan waya na ciki, kwastan na ciki."

Ɗantala ya buga ƙirji.

"Abin da ba a jera ba kuwa, na jiha ne, tarayya ba ta da ta cewa. Na duba sama da ƙasa, ban ga jaki ba, ban ga ƙuli-ƙuli ba."

Mani ya gyara hula.

"Ke nan gishiri na tarayya, jaki na jiha."

"To gishirin da ke cikin jakin hwa?" in ji Gado, domin kusan kwata ya shige.

Malam Istifanus ya dube shi ta saman tabarau, ya ce masu littafin ba su kai nan ba. Sai ya koma shafin farko, ya nuna wani layi. "Amma ga babba. An rubuta a nan cewa wannan littafi na ƙasar Nijeriya ne. Kun wuto wata tsamiya?"

Suka ce sun wuto.

"To can littafinku ya ƙare. Nan Nijar ce. Ni dai baƙi biyu nake gani, in kawo muku ruwa?"

Ɗantala ya saki hannun rigar kamar ya taɓa garwashi. Mani ya dubi igiyar da ke hannunsa bai san inda zai ajiye ta ba. Suka juyo kan Gado tare, me ya sa bai faɗa ba? Gado ya ce sau biyu ya fara. Kunya ta rufe su, ga mata sun fara leƙowa ta kan danga. Gado kuwa farin ciki ya cika shi. Rana ta ɗan karkata, amma in ya sa ƙwazo shi da Shatu, rabin gona zai shiga ƙasa kafin magariba.

Bai yi taku biyar ba sai ga Mahamadu gardi, dogarin kumandan mai mulkin Dogon Dutsi, a kan doki, da jar hula da bulala. Ya tsaya tsakiyar fili ya ɗaga murya: ruwan jiya ya yanke hanyar mota, babban baƙo na tafe daga Yamai zuwa Dogon Dutsi, don haka duk namiji mai lafiya ya ɗauko fartanya yanzu-yanzu, aikin hanya kwana uku.

"Kwana ukku, gardi?" in ji Gado. "Ana shuka? Wane shafi na aka rubuta haka?"

"Wane irin shafi? Kumandan yac ce."

"To ba wata gwamnati ta biyu da za ta ce a'a?"

Mahamadu ya dube shi kamar ya ga mai taɓin hankali. Ya sunkuyo daga kan doki ya cafki hannun rigar, daidai inda Ɗantala ya yamutsa.

Abin da ya taso wa Ɗantala ba tausayi ba ne, kishi ne tsagwaronsa. Tun hantsi yake riƙe da wannan hannun riga, ya sha rana, ya sha dariya, sai wani mai jar hula ya zo ya ɗauka a banza? Ya daka tsawa: "Sake shi! Wannan fursunan gwamnatin tarayya ne!"

"Da na jiha!" in ji Mani, ya ƙara nannaɗe igiya a hannu.

Ɗantala ya karɓe littafin daga cinyar Malam Istifanus ya ɗaga shi sama. Mahamadu ya dubi kaurin littafin, ya dubi kakin mutanen. Shi dai ya san bulala da haraji, ba a taɓa koya masa yadda ake yi da fursunan wata ƙasa ba, balle na gwamnati biyu. In ya ja, wa ya sani ko yaƙi zai jawo? Ya waiwayi Malam Istifanus, ya tarar tsohon ya duƙufa kan wakensa, wai ya ga ƙwaro.

"Gado," in ji gardin. "Duk ƙasar ga an san ba ka ƙarya. Gaya mini, gaskiya na sun kama ka?"

Shatu ta iso da ƙwaryar iri a ka, ta tsaya bayan mata, ta rufe ido, domin ta san mijinta. Gado ya ji maganar ta taso gaba ɗayanta, da tsamiya, da dutsen murhu, da layin shafin farko. Ta zo har bakin haƙora. Ya dubi ƙwaryar da ke kan Shatu.

"Sun kama ni tun hantsi," ya ce. "Kuma har yanzu ba wanda yac ce ya sake ni."

"Shi ke nan?"

Gado ya haɗiye sauran maganar da ƙarfi. "Abin da ka tambaya ke nan."

Mahamadu ya saki riga. Ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, sai ya kai wa kumandan a Dogon Dutsi, zuwa da dawowa kwana biyu ne in doki ya yarda. Kafin nan kada fursuna ya bar ƙauye, kada masu shi su ɗauke ido daga kansa. Ɗantala da Mani suka sara masa, shi ma ya sara musu, kowa ya ji ya fita kunya.

Ba kurkuku a ƙauyen, kuma ba wanda ya ce gona ba cikin ƙauye take ba. Kafin la'asar Gado na gaba yana sara, Shatu na biye tana zuba iri tana rufewa da diddige. Mani ɗan manoma ne, ya yi tsayuwar tsaro ta ɗan lokaci, ya ga Shatu ba ta kamo mijin, sai ya tuɓe takalma ya karɓi rabin irin. Ɗantala ya zauna a inuwar gawo, littafi a ka, kantu a cinya, jaki a bayansa. Daga can yake kiran Mani yana gaya masa cewa geron da fursunan tarayya ya shuka na tarayya ne. Mani ya ce a nuna masa gero a jerin.

Ta gefen gona mazan gari suka wuce a layi bayan dokin gardi, fartanya a kafaɗa. Ɗanjuma, ƙanen Gado, na cikinsu, yana tafe yana waigen gonarsa da ba a taɓa ba. Gado ya bi shi da kallo har suka sha kwana, daɗin da yake ji ya ragu.

Shatu ta matso kusa ta yi ƙasa da murya. "Malam, wai yaushe za su sake ka?"

Gado ya tofa yawu a tafin hannu, ya gyara riƙon sungumi.

"Kada ki tuna musu," ya ce. "Bayan tamu akwai ta Ɗanjuma."