Zakaran da Sadiƙ Ya Ɓata

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina fawa a kasuwar Makarfi. Bijimi ya taɓa ɗaga ni da ƙaho ya yar kan rumfa. Motar shanu ta kife da mu tara a hanyar Ikara, ni kaɗai na fito da ƙafafuna. Ban yi boko ba, amma in dai maganar jini ce, babu mai koya mini.

Shi ya sa da ɗana Yahya ya ce wasan waya ya ƙeƙasa zuciyar ɗansa Sadiƙ, na ce masa ya zauna tukuna.

Sadiƙ ɗin, mai shekara goma sha biyar, ya fasa wa wani yaro hanci ne a filin ƙwallo. Malaminsu ya zo har gida ya ce yaran yanzu wuni suke suna harbe mutane a waya, kuma wanda ya saba ganin jini a gilashi ba zai ji nauyin zubar da na gaske ba. Yahya ya hau kan maganar ya zauna. Ya ce zai karɓe wayar, ya kai yaron Nasarawan Doya wajen kawunsa ya yi noma. Ni kuwa yaron nan shi ke shafa mini man zafi a gwiwa, shi kaɗai ke jin labarin bijimin nan bai ce ya taɓa ji ba. In ya tafi, da wa zan zauna?

Na taɓa leƙa wasan. Mutum zai faɗi, ja ya watsu, an jima ya miƙe. Ba ƙarni, ba ƙuda. Na gaya wa Yahya wannan ba jini ba ne, ya ce ni ban san zamani ba.

Ranar Asabar surukata Adama ta kama zakara za ta yi wa baƙi miya. Na ja Yahya gefe na ce a ba Sadiƙ wuƙar. In ya yanka hannunsa bai yi rawa ba, ni da kaina zan ɗaura masa kaya a babur. Ya yarda.

Yaron ya karɓi wuƙa yana dariya, wai yau zai nuna wa tsoho aiki. Ya fuskanci gabas, ya take fukafukai da ƙafafu kamar yadda yake gani ana yi, ya yi bismillah, ya goga. Jini mai ɗumi ya feso masa a hannu, zakaran ya zabura, sai Sadiƙ ya ɗage wuƙar ya yi tsalle baya, yanka bai cika ba. Zakara ya shige ƙarƙashin rumbu yana fafur-fafur. Kafin a zaƙulo shi ya mace. Ya zama mushe, sai yarwa. Shi kuwa jarumin yana bayan katanga yana amai.

Yahya ya ce, "To Baba, hancin da ya fasa fa?"

Na ce, "Kai da kake kamarsa ka cire wa ɗan Ismail direba haƙori. Lokacin ko rediyo ba mu da shi. Wace wayar ce ta sa ka?"

Ya sosa ƙeya. Amma bai sauka gaba ɗaya ba. Ya ce saurayin da bai iya yanka kaza ba, shi ma wayar ce ta cuce shi. Wannan kam ban musa ba. Aka tsaya a kan Sadiƙ ba zai tafi noma ba, zai je gidan yaron da ya fasa wa hanci ya ba da haƙuri, waya sai bayan la'asar, kuma duk Asabar ya bi ni mahauta. Baƙi suka sha miyar kuka ba nama, Adama ta kwana biyu tana gaishe ni a taƙaice.

Da yamma yana shafa mini gwiwa, ya tambaya a hankali, "Kaka, kai ranar farko hannunka bai yi rawa ba?"

Na ce, "Ni? Ko gezau, ɗan nema."

Gaskiyar ita ce akuyar ubangidana na ɓata a ranar, har ya zane ni. Amma waɗanda suka gani duk sun riga mu gidan gaskiya. Ni kaɗai na rage.