Silifas ɗin Hagu na Zayyanu

Yayyena biyu, Hodi da Zayyanu, sun daɗe ba sa ga-maciji da juna, kuma duk a kan kunya guda ce da ta raba gonakinsu na shinkafa a fadamar Ambursa. Faɗinta bai kai na tabarmar salla ba. Hodi, babban, ya ce sai ƙaramin ya zo ya durƙusa masa. Zayyanu kuwa taurin kai ne da shi kamar turken jaki. Ni Baiwa, autarsu, ni nake kai goron suna daga wannan gida zuwa wancan, in dawo da shiru.

Da rani Zayyanu ya ɗaga injin ban ruwa shi kaɗai zai ɗora a babur, saboda wanda zai kama masa yaron Hodi ne. Ƙugunsa ya ce ƙas. Bai faɗa wa kowa ba sai ni, ni ɗin ma don yana son man zafi.

Wata Juma'a bayan an sauko, ya biyo ta ƙofar gidan Hodi, kansa a sama kamar kullum. Hodi na zaune a benci tare da dattawan unguwa. Daidai gabansa silifas ɗin ƙafar hagu ya salube. Zayyanu ya sunkuya zai ɗauka, bayan ya ƙi lanƙwasuwa, sai ya kai gwiwa ƙasa. Ga mutum ba takalmi, a durƙushe, gaban wansa.

Hodi ya miƙe idonsa taf da ƙwalla. "Ya isa, ya isa! Tashi, ɗan'uwa, na yahe ma."

Zayyanu ya buɗe baki, ya dubi dattawa suna shafa addu'a, ya mayar ya rufe. Da labari ya iso gare ni na yi kukan murna har kaina ya yi ciwo.

Sai dai silifas ɗin bai san an gama sulhu ba. Ya salube gaban mahauci. Ya salube gaban mai faci. Ran kasuwa a Argungu na gan shi da idona ya salube gaban wata tunkiya. Ko'ina sai ya durƙusa ya ɗauka, mutane suka ce Zayyanu ya yi sanyi, girma ya zo. Ni dai na lura yana ɗaga gwiwa sama in zai taka, tafin ƙafar na dukan ƙasa faf-faf, na ja bakina na yi gum, don ina jin daɗin ganinsu suna cin tuwo a akushi ɗaya.

Hodi ne ya ɓata lamarin da kirkinsa. Ya ce ƙanensa ba zai yi ta ɗingishi yana kallo ba, ya kwashe mu sai asibiti a Birnin Kebbi, sashen gashin ƙashi. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu sunanta Juliet, mace mai fara'a, kuma mai son bayani fiye da yadda na so.

Ta sa Zayyanu ya yi tafiya a kan diddige. Ƙafar dama ta yi, ta hagu ta zube. Ta kwantar da shi, ta dafa babban yatsan ƙafarsa ta hagu ta ce ya turo hannunta sama. Yatsan ya yi kamar ba da shi ake ba. Daga nan ta bar ƙafar ta koma tana danna ƙugu tana tambaya, har ya faɗa mata zancen injin.

"Malama, ƙahwa ta ka ciwo," in ji Hodi. "Mi kika nema ga baya?"

Ta ɗauko ƙashin baya na roba ta nuna masa. "Baba, laka tana cikin ƙashin baya. Daga ita jijiyoyi ke fitowa ta tsakanin gaɓoɓin nan, kowace da inda aka aike ta. Wannan ta ƙasan ƙugu tana bi ta ɗuwawu, ta sauka cinya da ƙwauri, ita ce ke gaya wa ƙafa ta ɗago, yatsu su tashi. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai wani faifai mai taushi. Nasa ya turo ya danne jijiyar, saƙo ba ya isa." Ta juyo wurin Zayyanu. "Takalmi ba ya salube maka in kana tafiya?"

Na yi tari. Na sake yin tari. Ta miƙo mini ruwan leda, ta ci gaba.

"Tun ranar da ka ɗaga injin, ko? Haka yake yi. Ba laifinka ba ne, ƙafar ce ba ta iya riƙe shi."

Ta ce a ɗauki hoton bayan, likita ya gani, Zayyanu kuma ya daina duƙawa da ɗaukar kaya. Hodi ya yi mata godiya sosai, ya fita bai dubi kowa ba. Muka bi bayansa.

Mun same shi a gindin dogonyaro, yana kallon masu babura.

"Ashe jijiya ta ba ni haƙuri," ya ce. "Kai ko kana tahiyakka."

Zayyanu ya matso. Ya dafa itacen, ya sunkuya a hankali yana cije leɓe, ya sa hannu ya zare silifas ɗin dama. Ya ajiye shi gefe, ya durƙusa a kan tsakuwa.

Hodi ya daɗe yana kallon ƙafar. "Wagga lahiyatta lau?"

"Lau take, Yaya."

"Ba abin da ad danne ta?"

"Babu."

Hodi ya sa hannu a hammatarsa ya ɗaga shi tsaye. "Kurma na kai? Ba ka ji an hana ka duƙawa ba?" Sannan shi, da furfurarsa, ya tsuguna gaban jama'ar asibiti, ya ɗauki silifas ɗin ya kakkaɓe, ya zura wa ƙanensa a ƙafa.