Ranar da Keken Ɗinki Bai Tsaya Ba

"Tsaya, kar ki zubar da kwandon nan!" in ji mai ɗinki. Ta faɗo ɗakin ko sallama babu.

'Yar marigayin ta yi turus da kwandon shara a hannu. Kwana uku ke nan da rasuwar mahaifinta, tsohon marubucin da unguwa ke kira Baba Mai Biro.

"Inna, yagaggun takardu ne fa."

"Na sani. Ni na sa ya yaga su."

Shekara goma sha ɗaya tagar ɗakinsa na kallon shagon mai ɗinkin. Ita ba ta iya karatu ba, ko sunanta ba ta ganewa a takarda. Amma duk shafin da ya rubuta sai ya leƙo ya karanta da ƙarfi, tana taka kekenta. In ƙafarta ta tsaya ba ta sani ba, shafi ya yi ke nan. In keke ya ci gaba da ƙara, sai ka ji kyat! ya yage shi.

"Ke ce alƙalina," yakan ce. "Masu digiri yabo kawai suka iya, ƙafarki kuwa ba ta ƙarya."

"Ka ji tsoho da neman magana! To a sa sunana a littafin mana."

"Sunan ƙafar dai."

Ran Alhamis ya buɗe taga, murya duk ta shaƙe, ya ce shafin ƙarshe ne. Ita kuma rigunan makaranta talatin ne jibge a gabanta, mai su na nan tafe da la'asar. Ta ji karatun. Wallahi ta ji, har tsigar jikinta ta tashi. Amma ta ce bari dai ta kai ƙarshen hannun rigar nan, ta danne ƙafarta da gangan. Kyat! Ya ja tagarsa a hankali. Washegari kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Tun ranar ba ta ƙara ɗinki ba. Da ta ɗora ƙafa sai ta ji ƙarar yagar nan a kunnenta, ta sauke ƙafar.

Suka zazzage kwandon a teburinsa, kusa da tabaransa da kofin da shayi ya bushe a ciki. Gutsure takwas. 'Yar ta jera su layi ya haɗu da layi, mai ɗinki ta sa farin ƙyalle a baya, ta bi da siririyar allura tana kauce wa haruffa.

"'Yar nan, tsaya a tagar can ki karanta min. Da ƙarfi, yadda yake yi."

Ta koma shago ta zauna, ta fara taka keken ba ko zare a jikinsa. Muryar 'yar ta ƙetaro daga tagar. Ba ta kai layi na biyu ba mai ɗinki ta ɗage ƙafa.

Keken ya juya shi kaɗai sau biyu, sannan ya yi shiru.